Andrew Foster: Kurman da ya buɗe makarantun kurame fiye da 30 a Afirka

A cikin shekaru 30, daga 1957 zuwa 1987, wani Ba'amurke baƙar fata da cutar sanƙarau ta kurmantar tun yana yaro ya buɗe makarantun kurame fiye da 30 a ƙasashen Afirka 13, ciki har da Najeriya, Cadi, Binin da Burkina Faso, waɗanda duk suke iyaka da Nijar. Sunansa Andrew Jackson Foster. Masu ji da yawa a yankinmu ba su taɓa sanin sunan ba, amma a wurin kurame masu ilimin boko na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, shi ne ake kira uban ilimin kurame. Harshen hannun da ake koyarwa da shi yau a yawancin makarantun kurame na yankin ya biyo ta hannunsa ne da hannun malaman da ya horar.

Sanƙarau a shekara 11

An haifi Foster ranar 27 ga watan Yuni na 1925 a unguwar Ensley da ke birnin Birmingham, a jihar Alabama ta kudancin Amurka. Mahaifinsa ma'aikacin haƙar kwal ne. Yana da shekara 11 sanƙarau ta kama shi tare da ƙanensa Edward. Dukansu biyu sun tashi, amma ba wanda ya sake jin sauti a cikinsu.

Wannan shekarun da ciwon ya same shi suna da muhimmanci ga duk abin da ya biyo baya. Yaron da ya kurumce yana ɗan shekara 11 ya riga ya iya magana, ya san kalmomi, ya fara karatu da rubutu. Wanda kuwa aka haifa kurma, ko ya kurumce kafin ya buɗe baki, ba shi da harshen da zai ɗora karatu a kansa, sai an fara ba shi harshe tukuna. Foster ya tsaya ne tsakanin ɓangarorin biyu: ya riƙe Turancinsa, yana kuma iya furta magana, sannan ya koyi harshen hannu a wurin ƴan'uwansa kurame.

Alabama ta wancan zamani tana ƙarƙashin dokokin wariyar launin fata. Hatta kurame an raba musu makaranta, ta farare daban, ta baƙaƙe daban. An kai Foster ta baƙaƙe a garin Talladega, inda karatu bai wuce matakin firamare ba. Da ya ga hanya ta ƙare a nan, a farkon shekarun 1940 ya koma wurin wata gwaggonsa a Detroit, birnin masana'antun motoci da ke jihar Michigan. Da rana yana aikin ƙarfi, da dare yana karatu. Ya yi kwas na lissafin kuɗi da harkar kasuwanci, ya kuma kammala sakandare ta hanyar wasiƙa, wato a aiko masa da darasi ta gidan waya, ya yi aikin ya mayar. Sai da ya haura shekara 25 kafin ya riƙe takardar sakandare.

Ƙofar Gallaudet

A birnin Washington akwai kwalejin Gallaudet, wadda aka kafa a 1864 a zamanin shugaba Abraham Lincoln domin kurame su samu ilimi mai zurfi. Ita ce burin kowane kurma mai son karatu a Amurka, amma shekara da shekaru ba ta buɗe wa baƙar fata ƙofa ba. Foster ya nema an hana shi, ya sake nema, har aka karɓe shi a 1951. Karatun shekara huɗu ya gama shi cikin uku, domin ko lokacin hutu yana ɗaukar darussa a wata kwaleji. A 1954 ya fito da digiri a fannin koyarwa, kuma shi ake ɗauka a matsayin baƙar fata na farko da ya kammala digiri a makarantar.

Bai tsaya nan ba. A 1955 ya samu digiri na biyu a fannin ilimin masu buƙata ta musamman a kwalejin horon malamai ta jihar Michigan, wadda yanzu ake kira jami'ar Eastern Michigan. A 1956 ya ƙara wani digiri na biyu a kwalejin Seattle Pacific, a kan aikin mishan na addinin Kirista.

Foster mutum ne mai riƙo da addininsa, kuma bai ɓoye cewa wa'azi na cikin abin da yake son kai shi Afirka ba. Sai dai ya fahimci cewa ba yadda za a yi a isar da wani saƙo, na addini ko na duniya, ga mutumin da ba shi da harshe kuma bai iya karatu ba. Don haka makaranta ce farko. Ƙungiyoyin mishan da ya tuntuɓa sun ƙi tura shi, ga launin fata, ga kurumta. Da ƙarfafawar shugaban Gallaudet na lokacin, Leonard Elstad, ya kafa tasa ƙungiyar a Detroit a 1956, mai suna Christian Mission for Deaf Africans, ya shiga zagaye yana jawabi yana tara kuɗi.

Aji na aro a Akra

Ya iso Afirka ta Yamma a 1957, shekarar da Gana ta samu ƴancin kai. A lissafin da aka saba bayarwa, makarantun kurame 12 ne kawai a duk nahiyar a lokacin, kuma kusan dukansu suna arewacin Afirka ne ko Afirka ta Kudu. A wurare da dama da ya yi tambaya, an nuna masa kamar babu yara kurame da yawan da za a buɗe musu makaranta. Yaran suna nan, sai dai ba a ganinsu: wasu iyaye na ɓoye su a gida saboda kunya, wasu suna gona ko kiwo, kuma ba wanda ya taɓa tunanin rubuta sunansu a rajistar makaranta.

A watan Satumba na 1957 ya fara koyarwa a unguwar Osu ta birnin Akra, a wani aji da cocin Presbyterian ta ara masa, wanda yake samu bayan an tashi yara masu ji. Ɗaliban farko ƙalilan ne, yara da manya a haɗe. Da labari ya bazu cewa kurma na iya rubuta sunansa, ya karanta allo, ya yi lissafi, sai iyaye suka riƙa kawo ƴaƴansu daga nesa har wurin ya kasa ɗauka. A 1959 aka mayar da makarantar garin Mampong-Akwapim, a kan tsaunukan arewa da Akra, ta zama ta kwana. Har yau Mampong ce cibiyar ilimin kurame a Gana.

A wannan shekarar ta 1959 ya halarci babban taron kurame na duniya a birnin Wiesbaden na Jamus. A can ya haɗu da wata Bajamushiya kurma, Berta Zuther, wadda ta biyo shi Afirka don yin aikin. Sun yi aure a Najeriya a 1961, suka haifi ƴaƴa biyar. Berta ta koyar, ta riƙe littattafan kuɗi, ta kuma riƙe gida a tsawon watannin da mijinta ke kan hanya.

Daga Gana ya tsallaka Najeriya. A 1960 ya buɗe makaranta a Ibadan, sannan a farkon shekarun 1960 aka samu wasu a Kaduna da Enugu. Ta Kaduna ce ta kawo aikinsa cikin ƙasar Hausa.

Baki ko hannu?

Ba kuɗi kaɗai ne abin da Foster ya yi fama da shi ba. Akwai tsohuwar gardama a kan yadda za a koyar da kurma. A 1880 an yi wani taron malaman kurame a birnin Milan na Italiya, wanda kusan duk mahalartansa masu ji ne, aka yanke cewa a daina koyarwa da hannu, a tilasta wa yaro furta magana da karanta leɓen malami. Wannan hukunci ya mamaye makarantun Turai kusan shekara ɗari. A Faransa sai a 1991 doka ta ba iyaye damar zaɓa wa ɗansu karatu da harshen hannu, kuma sai a 2005 aka amince da shi a matsayin cikakken harshe. Ƙwararrun da Ingila da Faransa ke turowa Afirka da wannan aƙida suke zuwa.

Illar hanyar baki zalla a bayyane take. Sautuka da yawa kamanninsu ɗaya ne a leɓe, don haka ko gwanin karanta leɓe yana cike gurbi ne da hasashe. Yaron da bai taɓa jin sauti ba yakan share shekaru yana koyon furta ƴan kalmomi, alhali tsaransa sun yi nisa a lissafi da tarihi. A Afirka kuma akwai ƙarin wahala: harshen makaranta Turanci ne ko Faransanci, na gida kuwa daban, ga na'urar ƙara ji da tsada, ga batir da gyara babu.

Foster ya bi hanyar haɗa komai: alamar hannu, harrufan yatsu, rubutu a allo, hoto, motsin fuska, da magana ga wanda zai iya. Harshen da ya sani shi ya kawo, wato harshen hannu na Amurka. Wani abin lura shi ne shi ma wannan harshen yana da jini da Faransa, domin wani malami kurma Bafaranshe, Laurent Clerc, na cikin waɗanda suka kafa makarantar kurame ta Hartford a Amurka a 1817, kuma da alamomin Paris ya je. A Gana, bayan da Foster ya bar shugabancin makarantar Mampong a 1965 gwamnati ta karɓi ragama, an koma ga hanyar baki na tsawon shekaru. Amma yara ba su daina magana da hannu a ɗakunan kwana da filin wasa ba, kuma daga baya hukuma ta dawo da shi aji.

Ibadan, masana'antar malamai

Abin da ya bambanta Foster da masu aikin agaji da yawa shi ne bai ɗauki kansa a matsayin wanda zai zauna ya riƙe makaranta ba. Tsarinsa shi ne ya shiga gari, ya nemi izinin hukuma da ɗakin aro, ya nemo yara, ya nemo wani matashi mai ƙwazo, sau da yawa kurma, ya horar da shi, ya damƙa masa makarantar, ya wuce gaba. Ya yi imani cewa kurma ne ya fi dacewa ya koyar da kurma, domin yaro na buƙatar ganin babba irinsa da ya iya karatu, yana da aiki, yana da iyali. Haka kuma makarantar da ɗan ƙasa ke riƙe da ita ba ta mutuwa ranar da baƙo ya koma gida.

Waɗanda suka yi fice a cikin ɗalibansa ya nema musu hanyar zuwa Gallaudet. Seth Tetteh-Ocloo na Gana ya yi karatu har digirin digirgir, ya koma gida ya zama jigo a harkar kurame. A Najeriya, Gabriel Adepoju ya taka rawa wajen kafa makarantar kurame a Ilorin, Ezekiel Sambo kuma a jihar Filato. Isaac Agboola, wanda ya fito daga Ibadan, ya zama malami har shugaban tsangaya a ita kanta Gallaudet, makarantar da ta taɓa rufe wa malaminsa ƙofa. A 1970 Gallaudet ta ba Foster digirin girmamawa.

Daga shekarun 1970 ya juya ga ƙasashe masu amfani da Faransanci. Ya koyi Faransanci, yana kurma. A 1974 aka buɗe makaranta a Abijan ta ƙasar Kodebuwa, sannan cikin shekarun da suka biyo baya aka samu a Togo, Cadi, Senegal, Binin, Kamaru, Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, Zayar, wadda yanzu ake kira Kwango, Burkina Faso, Burundi da Gabon. A Zayar ce ya fi buɗe makarantu da yawa.

Duk waɗannan makarantu na buƙatar malamai. Sai ya mayar da cibiyarsa ta Ibadan wurin horo. Matasa daga ƙasashen Faransanci kan zo su zauna tare na wani ɗan lokaci, su koyi harshen hannu, dabarun koyar da karatu da lissafi, yadda ake tafiyar da makaranta, da darussan addini, sannan kowa ya koma ƙasarsa. Wani masani ɗan Japan, Nobutaka Kamei, wanda ya bi diddigin wannan tarihi, ya ƙirga aƙalla mutum 161 daga ƙasashe 19 da suka bi ta wannan horo tsakanin 1976 da 1987.

A wannan zama na Ibadan wani sabon harshe ya tsiro. Alamomin na Amurka ne, amma rubutun allo da motsin leɓe na Faransanci ne. A harshen hannun Amurka akwai alamomi da yawa da ake yi da siffar harafin farko na kalmar Turanci, kamar sunayen ranakun mako. Irin waɗannan sai aka riƙa musanya harafin da na kalmar Faransanci, aka kuma ƙara alamomin gida na abinci, sutura, garuruwa da al'adu. Abin da ya fito shi masana ke kira harshen hannu na Afirka mai amfani da Faransanci. Shi ya sa kurman da ya yi makaranta a Lome ko Kotonu ko Yamai yakan fi saurin fahimtar ɗan'uwansa na Legas ko Akra a kan na Paris, duk da cewa Faransanci yake rubutawa.

Abin da ake sukarsa a kai

Ba kowa ne ke yaba duk abin da Foster ya bari ba. Kurame a Afirka suna da harsunansu tun kafin zuwansa. A ƙasar Hausa akwai maganar hannu, wadda wasu ke kira maganar bebaye, da kurame ke amfani da ita a kasuwa, a majalisa da wurin sana'a, kuma masu ji da yawa sun iya wani abu daga cikinta. Wata masaniya Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta yi shekaru tana nazarinta a Kano, ta wallafa littafi a kanta a 2000, inda ta nuna cewa harshe ne mai ƙa'idojinsa. A Gana akwai ƙauyen Adamorobe, inda ake gadon kurumta kuma ake da harshen hannu na musamman mai daɗaɗɗen tarihi.

Da makaranta ta zo da alamomin Amurka, sai suka zama harshen masu ilimi, na gida kuma aka riƙa yi masa kallon na waɗanda ba su je aji ba. Yaran Adamorobe da ke zuwa Mampong suna komawa gida da harshen makaranta, na kakanninsu yana ja baya. A ƙasar Hausa ma akan samu yaro ya dawo hutu da alamomin da mahaifiyarsa ba ta gane ba, ko dattijon kurma da matashin kurma su zauna tabarma ɗaya kowa da nasa harshen. Masu kare Foster na cewa a zamaninsa ba a rubuta waɗannan harsuna ba, ba ƙamus, ba littafin koyarwa, kuma zaɓin da ke gabansa shi ne ko alamomin Amurka ko hana hannu gaba ɗaya. Masu suka na cewa abin da ya dace da 1957 bai zama dole a ci gaba da shi ba bayan an san darajar harsunan gida. Akwai kuma batun addini: makarantunsa na mishan ne, ana koyar da Littafi Mai Tsarki, ko da a ƙasashen da Musulmi suka fi yawa kamar Senegal da Cadi. Da yawa daga cikin makarantun kurame da aka buɗe daga baya na gwamnati ne ko na ƙungiyoyin kurame, sun ɗauki harshen da dabarun koyarwar ba tare da wa'azin ba.

Tafiyar ƙarshe

A tsakiyar shekarun 1970 iyalinsa suka koma Amurka, amma shi ya ci gaba da raba shekara biyu: wani ɓangare yana neman tallafi a can, wani yana zagaya makarantu a nan, a mota, a jirgin ƙasa, a ƙananan jiragen sama. Ranar 3 ga watan Disamba na 1987 ya samu kujera a wani ƙaramin jirgi da zai je Kenya. Jim kaɗan bayan tashi, jirgin ya faɗi kusa da garin Gisenyi na ƙasar Ruwanda. Foster ya mutu yana da shekara 62. Berta ta ci gaba da riƙe ƙungiyar bayansa. A 2004 jami'ar Gallaudet ta sa wa babban ɗakin taronta sunansa, ƙungiyar kurame baƙar fata ta Amurka kuma ta kafa mutum-mutuminsa a wurin.

Ciwon da ya kurmantar da shi ba baƙo ba ne a Nijar. Ƙasar na tsakiyar yankin da likitoci ke kira zirin sanƙarau, wanda ya taso daga Senegal zuwa Habasha, inda cutar ke tashi a lokacin hunturu da bazara. A annobar 1996 an ƙirga mutum kusan 250,000 da suka kamu a nahiyar, kusan 25,000 suka mutu. Nijar na cikin ƙasashe uku na farko da aka fara allurar MenAfriVac a 2010, wadda ta karya lagon nau'in A na cutar, amma a 2015 nau'in C ya tashi a Yamai da Doso, kuma an sake ganin cutar a jihar Damagaram a ƴan shekarun nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum ɗaya cikin biyar da suka tsira daga sanƙarau mai ƙwayar bakteriya yakan tashi da wata naƙasa mai ɗorewa, kuma kurumta na cikin waɗanda aka fi gani. Ke nan kowace annoba na barin yara a ƙauyukan Maradi, Tawa da Damagaram waɗanda suka tsira da rai amma ba za su ƙara jin muryar malami ba.

Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008. Sashe na 24 na yarjejeniyar ya ɗora wa gwamnatoci nauyin sauƙaƙa koyon harshen hannu, da ɗaukar malaman da suka ƙware a kansa, har da malamai masu naƙasa, da horar da ma'aikatan ilimi a kowane mataki. Wannan shi ne aikin da Foster ya riƙa yi a cibiyar Ibadan da kuɗin sadaka, shekara 30 kafin a rubuta shi a doka. Yanzu nauyin yana kan makarantun horon malamai da jami'o'in ƙasa, tare da tambayar da shi bai warware ba: wane matsayi za a ba maganar hannun da yaro Bahaushe ya zo da ita daga gida ranar da ya fara shiga aji.